Diplom ke kai dosiyenka kan tebur, hali ke sa a kira ka: yadda za ka shirya ma neman aiki a Yamai

Ƙannena masu fitowa jami'a, maza da mata, wannan rubutu naku ne. Abin da ya tunzura ni na yi shi, kwanan baya mun zauna tantance dosiye a wurin aikinmu nan Yamai, gurbi ɗaya tak na mai taimaka ma kwantabul, amma ambulan sun cika kwali har suna zubowa, kuma kusan kowa lisans gare shi wasu ma masta, daga Abdou Moumouni, daga Djibo Hamani ta Tawa, daga makarantun kuɗi na cikin gari. Wallahi in takarda kaɗai za a duba sai dai a yi ƙuri'a.

Wadda muka ɗauka a ƙarshe makinta tsaka-tsaki ne, akwai waɗanda suka fi ta nesa ba kusa ba. Abin da ya raba ta da su, da aka tambaye ta ko ta taɓa yin kuskure a aiki ba ta ce a'a ba kamar sauran. Cewa ta yi lokacin istaj ta taɓa shigar da faktir ɗaya sau biyu, da yamma ta gano, ta tashi ta je ta gaya ma shef ɗinta da bakinta tun bai gani ba, kuma daga ranan duk takardar da ta shigar sai ta sa mata alama da jan bik. Shef ɗinmu ya dube ni, na dube shi, magana ta ƙare. Wanda zai miƙa maka makullin kes ɗinsa abin da yake son sani kenan, ranar da abu ya ɓaci za ka ɓoye ko za ka faɗa.

Kar wani ya ce na ce karatu banza ne. In kwankur na gwamnati za ka shiga, ba diplom ba maganar ma a karɓi dosiyenka, kuma babu mai son likita ko injiniyan gada da bai yi karatu ba komi kyan halinsa. Amma a kamfani, a ONG, a banki, a ajans ɗin tura kuɗi ko gidan sayar da tikitin bis, diplom ƙofar zaure kawai yake buɗe maka, kuma a zauren za ka tarar da mutane da yawa masu irin takardarka. Shiga cikin gida sai da hali: riƙon amana, cika alkawari, zuwa kan lokaci, iya saurare, iya bayani, haƙuri da mutane, da himmar yin abu ba sai an ce yi ba. Ba a nan kaɗai ba ne, a 2019 LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, ta tambayi masu ɗaukar ma'aikata sama da 5,000 a ƙasashe 35, kashi 92 cikin ɗari suka ce waɗannan halaye sun kai ƙwarewar aikin kanta muhimmanci ko ma sun fi, kashi 89 kuma suka ce in sun ɗauki mutum abin bai yi kyau ba, galibi nan ne matsalar take.

Na san za a ce mini ai hali zanen dutse ne. Ni dai ban yarda da karin maganan nan ɗari bisa ɗari ba, ga kuma dalilina. A Lome, nan Togo, an yi wani gwaji da hannun Bankin Duniya kan masu ƙananan sana'o'i 1,500, aka raba su kashi 3, wasu aka koya masu darasin kasuwanci da aka saba, lissafi da talla da sauransu, wasu aka koya masu himma kawai, wato hangen matsala tun ba ta zo ba da rashin saurin karaya, wasu kuma ba a koya masu komi ba. Aka bi su sama da shekara 2. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna ribar waɗanda aka koya ma himma ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, ta masu darasin kasuwanci kashi 11. Manya ne fa masu iyali, ba yara ba, kuma sun canza. To kai ma za ka iya.

Da farko ka nemi a gaya maka gaskiya

Ka samu mutum 3 da ba su jin nauyinka: malamin da ya bi maka memuwar, wani da ka taɓa yi ma aiki ko da tsaron shago ne, da abokin nan na fada da ba ya tauna magana. Tambaya ɗaya za ka yi masu, in kai ke da kamfani za ka ɗauke ni, in a'a don mi? Sai ka kama bakinka, kar ka kare kanka, kar ka ce ai ranan ruwa aka yi. Abin da mutum 2 cikin 3 suka maimaita shi ne ciwonka, ko latti, ko saurin fushi, ko ka ce to ka ɓace, ko ba ka ƙarasa abin da ka fara. Ɗaya za ka ɗauka ka yi wata guda a kansa, kar ka ce za ka gyara duka lokaci ɗaya. In latti ne, wata guda cur duk randebu ko na shan shayi ne ka riga mutane zuwa da minti 10. In alkawari ne, ka daina cewa in sha Allah da baki alhali ka san a ranka ba za ka zo ba, ka koyi cewa ba zan samu dama ba, ya fi maka mutunci sau dubu.

Sannan ka tara shaida, nan ne aikin yake

Kusan duk CV da na buɗe sai na ga an rubuta mai himma, mai gaskiya, mai iya aiki da jama'a, kalmomi iri ɗaya kamar wuri ɗaya aka kwafo su, kuma gaskiya ba mai karanta layin nan. Hali ba a faɗinsa, labarinsa ake bayarwa, kuma ba ka da labari sai ka yi wani abu.

To ina za ka samo? Istaj, ko da ba a biya ko kuɗin takisi kawai ake ba ka. Serbis sibik, shekara 2 ce cur gwamnati ta ajiye ka cikin ma'aikata, kuma abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda wasu ke maida ita zuwa sa hannu a koma fada, alhali nan ne za ka koyi yadda ake rubuta wasiƙar ofis, yadda ake ɗaukar bayanin taro, yadda ake shiga wurin darakta a fita, nan ne kuma wani babba zai gan ka ya riƙe sunanka. In an tura ka inda ba a ba ka aiki, kai ka nema. Ka ga dosiyoyi jibge cikin ƙura, ka nemi izni ka jera su ka yi masu lista a Excel, cikin sati 2 duk wanda ya nemi takarda wurinka zai zo.

Kuma kar ka raina abin da ka riga ka yi. Wanda ya tsare ma kawunsa shago a Katako ko Gran Marshe ya san ciniki, ya san yadda ake lallashin kiliyan da ya zo da faɗa, ya san bin bashi ba tare da an ɓata ba. Wanda ya bi motar albasa daga Galmi ya san lissafin buhu da sha'anin direbobi da ƴan dako. Wadda ta riƙe kuɗin ƙungiyar ɗalibai ko adashin matan unguwa shekara guda dala ba ta ɓata ba, wannan amana ce da ta fi layi goma na yabon kai. Mai koya ma yaran mutane karatu a gida da yamma, mai shiga aikin allurar foliyo gida-gida yana shawo kan magidancin da ya ce ba a taɓa masa ɗiya, duk aiki ne kuma duk ana sa su a CV, kunyar mi za ka ji?

Ka sayi kaye na dala ashirin ko ka buɗe wuri a waya, duk abin da ya faru ka rubuta abu 4: yaushe ne, mi ya ɓaci, mi ka yi kai da kanka, mi ya fito. Ka sa adadi in akwai, yara nawa, buhu nawa, jika nawa, kwana nawa. Labari 5 ko 6 sun ishe ka kowace irin ganawa: ranar da ka yi kuskure, ranar da kuka saɓa da wani kuka shirya, ranar da aiki ya yi maka yawa, ranar da ka yi abu ba a sa ka ba, ranar da ka koyi sabon abu cikin gaggawa. Kuma duk inda ka gama aiki ko na wata ɗaya ne kar ka fita sai da atestasiyo mai kashe da sa hannu, in ka bari sai bayan shekara ka tarar an canza shef, sabon bai san ka ba.

Dosiye ma hali ne

Wannan ba sai na ja shi ba. Ka karanta sanarwa sau 2, abin da aka nema shi za ka kawo: katin ANPE (ofishin gwamnati na masu neman aiki) da bai mutu ba, kaziye (takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka) da bai wuce wata 3 ba, takardar ɗan ƙasa, kofen diplom da aka yi ma legalize. Dosiyen da ya zo ba cikakke ba ya riga ya gaya muna yadda mai shi zai yi aiki. Wasiƙa kar ka kwafi ta abokinka, mun sha ganin wadda aka manta sunan wani kamfani a sama. CV shafi 1 ko 2, ƙarƙashin kowane aiki layi ɗaya na abin da ka cimma daga cikin kayen nan naka. Lambar da ka sa ta zama mai shiga, in ka ga baƙuwar lamba ka ɗauka da sallama da natsuwa, ba wai wane ne ba cikin tsawa. Ka duba hoton WhatsApp ɗinka da abin da kake zubawa a Facebook, ana dubawa, zagin da ka yi ma wani bara yana nan.

Ranar ganawa

Ganawa tun daga bakin ƙofa take farawa. Gardiyan da ka wuce ba sallama, sakatariyar da ka ɗaga ma murya don an bar ka zaune, bayan kun tafi su muke tambaya, kuma maganarsu tana da nauyi don su suka ga mutum lokacin da bai san ana kallonsa ba. In Harobanda kake kuma ganawa Plato ce ƙarfe 8, ka san yadda gadar Kennedy take cushewa da safe, ka fito da wuri, ka ma je jajibiri ka ga wurin da idonka. In daga Tawa za ka taso, tafiyar sama da kilomita 500 ce, ka kwana Yamai, kar ka dogara da bis ɗin ranan. In duk da haka wani abu ya tsare ka, ka kira tun lokaci bai yi ba. Kaya masu tsabta da guga sun isa, ko shadda ko shemis, ba sai ka ci bashin kwat ba.

Yanzu ga inda yaranmu suka fi faɗuwa, kuma ba laifinsu ba ne. An tashe mu da kunya, ba a kallon babba cikin ido, ba a ɗaga murya gabansa, kuma tun muna ƙanana muke jin yabon kai jahilci. Tarbiyya ce mai kyau, ni ma ita nake ba ɗiyana. Amma sai ka ga yaro mai ilimi ya shigo ya sunkuyar da kai, ana tambaya yana i da a'a da murya can ƙasa, mu kuma minti 20 gare mu mu san shi, ya fita ba mu san komi ba. Wani kuma don ya guje ma haka sai ya zarce, ni ne, ni na iya, babu abin da ban sani ba, shi ma ya faɗi.

Hanyar tsakiya ita ce labaran nan naka. Ba ka ce ni mai amana ne ba, cewa za ka yi shekara kaza na riƙe kes ɗin shagon wane, kullum da dare muna lissafi, ga lambarsa ku tambaye shi. Wannan ba yabon kai ba ne, bayani ne, kuma ko gaban mahaifinka za ka iya faɗinsa. In tare da wasu kuka yi aikin ka faɗi haka, sannan ka ware naka kason, don in ka yi ta mun yi mun yi ba za mu san ko kai ka ɗauki kayan ko rakiya ka yi ba. Maganar ido kuwa ba zuru ake so ba, ka dubi mai tambaya lokacin da yake magana da lokacin da ka fara amsa, ya wadatar. Ƙanwata, ke musamman, ki ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji, ladabinki ba ya raguwa don an ji ki. Ka gwada a gida, ka ba wani yayanka tambayoyi ya zauna kamar shi ne darakta, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, karo na farko ba za ka ji daɗi ba amma na biyar za ka ji bambanci.

Ka bari a gama tambaya kafin ka amsa. In ba ka gane ba ka ce a maimaita, ba aibi ba ne. In ba ka san abu ba, misali wata manhajar lissafi, ka ce ban taɓa aiki da ita ba amma na yi da kaza kuma cikin kwana kaza na koye ta, wannan amsa ta fi ƙarya, don ƙarya ana zaunar da kai gaban kwamfuta ta tonu. In an tambayi mi ya raba ka da wurin da ka bari, kar ka zagi tsohon patron ko da ya cuce ka, mai sauraronka lissafi yake gobe haka za ka yi da shi.

Harshe kuma dukiya ne da da yawa ba su sa shi a CV. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki, amma kiliyan da zai shigo ajans a Yamai yana iya zama Bazabarme, aikin ONG a Abalak ko Cintabaraden kuma mai jin Tamashek ko Fulatanci ya riga ka taki ɗaya. Duk harshen da kake ji ka rubuta shi. Kuma ka iya bayyana aikinka da Hausa mai sauƙi yadda tsohuwar ƙauye za ta gane, mun taɓa sa masu neman aiki su yi haka, masu dogon Faransanci da yawa nan suka tsaya.

In an ce kana da tambaya kar ka ce babu. Ka tambayi mi ake jira daga wanda aka ɗauka cikin wata 3 na farko, ko wa zai zama shef ɗinka kai tsaye. Maganar albashi ka bari su fara tayar da ita, in sun tayar ka faɗi adadi da ka riga ka bincika wurin masu irin aikin, ba duk abin da kuka ba ni ba.

Wani abu da dole in faɗa: ladabi ba wauta ba ne. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi ta waya don a riƙe maka gurbi, ɓarawo ne. Duk wanda ya ce ki same shi otel ko gida da dare don a ƙarasa maganar dosiye, ba aiki yake nufi ba, ki kama gabanki, ki kuma gaya ma wani babba naki.

Maganar uwa a gindin murhu

Na san abin da ke ran da yawanku, ai sai mai hanya. Akwai wannan, ƙarya ne a ce babu, kuma yana da ciwo ka ga wanda ka fi an ɗauke shi don ɗan wane ne. Amma ka lura da wani abu, yawancin hanyar da na gani da idona ba ta dangi ba ce, waya ce ake bugawa, wane kana da yaro mai hankali da zai riƙe muna magaza? Shi kuma wanda aka tambaya sunansa zai sa a ciki, ba zai ba da wanda zai kunyata shi ba ko ɗan ɗakinsu ne. Irin wannan hanya kai ma kana iya gina ta, shef ɗin istaj ɗinka, malaminka, mai shagon da ka tsare. Kafin ka sa lambar mutum a CV ka je ka gaishe shi ka nemi izni, ka gaya masa irin aikin da kake nema don kar a kira shi ya ce wa kenan. Kuma kar ya zama sai da buƙata yake ganinka, gaisuwar salla da ta juma'a ba ta cin komi.

Bayan ganawa ka tura gajeren saƙon godiya, layi 2, sau ɗaya. In sati 2 sun wuce shiru kana iya tambaya sau ɗaya cikin ladabi, ban da kira safe da yamma. In ba a ɗauke ka ba kuma ka samu wanda zai saurare ka, ka tambaye shi mi zan gyara, ba don mi ba ku ɗauke ni ba. Dosiyen wanda ya zo na biyu muna ajiye shi, kuma ya sha faruwa bayan ƴan watanni shi muke kira.

In Allah ya sa an kira ka, ka sani yawanci da lokacin gwaji ake farawa, kuma a cikinsa kowane ɓangare na iya cewa ya fasa. Ka karanta kwantaranka kafin ka sa hannu, CDD ne mai wa'adi ko CDI marar wa'adi, wata nawa ne gwajin, za a yi maka rajista a CNSS (kes ɗin fansho na ma'aikata) ko a'a, tambayar wannan ba rashin kunya ba ce. Satin farko ka riƙe kaye a hannu, duk abin da aka nuna maka ka rubuta don kar a maimaita maka sau 3, ka koyi sunan kowa har mai shara da direba, aikin da aka ba ka in ka gama ka koma ka ce na gama, in ba zai ƙare kan lokaci ba ka faɗa tun da saura kwana ba ranar da ake jiransa ba. In wata ɗaya ya cika ka nemi minti 5 wurin shef ɗinka ka tambaye shi ina ne yake ganin ya kamata ka ƙara ƙoƙari, ka rubuta abin da ya ce a gabansa, wata mai zuwa ka dawo masa da shi.